Zaɓen Kayan Ɗaukar Magana Masu Sauƙin Kuɗi: Misali Daga Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a Sashen Hausa ya san akwai ranar da malamin da ke duba kundinsa zai rufe littafi, ya ce masa ya tafi ya ji daga bakin masu abin. Daga ranar nan damuwar ɗalibi takan koma kan kayan aiki, watau da me zai ɗauko maganar, a ina zai zaunar da mai maganar, kuma nawa abin zai ci masa, ga shi ba shi da wani tallafi sai abin da iyaye ko 'yan'uwa suka haɗa masa. Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi na'ura da manhajar ɗaukar magana, ya yi aiki da su a cikin gida irin na karkara, ya kuma samu sautin da za a iya yin nazari a kansa. An ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure don misali, domin wuri ne mai yawan abin ɗauka, kuma mai yawan ƙarar da ke ɓata ɗauka. Abin da takardar ke son nunawa shi ne kusancin makirfo da baki, da kuma irin ɗakin da aka zauna, sun fi tsadar na'ura tasiri. In haka ne kuwa, akwai abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi, akwai kuma wanda zai iya jira.

Waiwaye Kaɗan

Magabatan da suka fara tattara maganar Hausawa da alƙalami suka yi aiki. Schön ya rubuta labaran Dorugu da ya fitar a cikin Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labaru a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Rattray ya fitar da nasa a 1913, sa'an nan Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta da hannu, aka buga shi a 1954. Kalmomin mutanen nan suna nan, amma muryarsu ta tafi. Ba wanda zai iya cewa ga inda Baba ta ja numfashi, ko ga inda ta sassauta murya don abin ya sosa mata rai.

Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya kuma yaɗu a ƙasar Hausa a shekarun 1970, sai aikin ya canza. Zamanin nan ne na su Ibrahim Yaro Yahaya da tatsuniyoyinsa, da Ɗandatti Abdulƙadir wanda ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975. Malaman da suka yi aiki da rakoda mai kaset suna tune da wata masifa tata: in batir ya yi sanyi ana cikin ɗauka, zaren yakan rage gudu, in an zo saurare da sabon batir sai a ji dattijo yana magana da sauri da siririyar murya kamar yaro. Na'urorin yau sun rabu da wannan, sai dai sun zo da nasu matsalolin, waɗanda suka fi wuyar ganewa domin kunne ba ya saurin kama su.

Yankin da Abin da ke Cikinsa

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ake sako ruwa ta babban kanal, ya gangaro da kansa zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura, kuma tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da aikin. An fara gwajin shirin a Kadawa, kuma an tsara kashinsa na farko ya ci kimanin hekta 22,000. Da damina shinkafa ce ta fi yawa, da rani kuma alkama da tumatir da albasa da masara da sauran kayan gwari. Kura, wadda ke kan hanyar Zariya kimanin kilomita 30 daga Kano, ta shahara tun da can da rini da bugu, har ake kiran rawani mai sheƙin shuni da sunan ɗan Kura, yau kuma an fi saninta da injinan casar shinkafa.

Mai nazarin harshe yana da aiki babba a nan. Wanda yake ɗan shekara ashirin lokacin da aka gama Tiga, yau ya haura saba'in. A bakin irinsu kaɗai za a ji yadda ake ban-ruwa da jigo da guga a fadama kafin zuwan kanal, da yadda aka auna gonaki aka sake raba su, da yadda waɗanda ruwa ya tasa suka koma sabon matsuguni. Akwai kalmomin marina da mabuga waɗanda ke tafiya tare da masu sana'ar. Akwai waƙoƙin daka da na gayya da injin da kwadago suka ture. A gefe guda kuma harshe yana ta ƙirƙirar sababbi: tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 manoma suka sa mata suna sharon, ciyawar da ke toshe magudanai kuwa kowa ya san ta da kacalla. Dattijon da aka ɗauka bana ba lalle ne a same shi baɗi ba, don haka ɗaukar da ta lalace sau da yawa ba ta maimaituwa.

Amma fa ruwan da ya kawo arziki shi ya kawo ƙara. Da rana akwai injinan casa da na niƙa, da injinan ban-ruwa masu shan fetur a gonakin da kanal bai kai ba, da manyan motocin da ke ɗaukar kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kudu, da gwangwanayen da yara ke kaɗawa don korar jan-baki idan shinkafa ta fitar da kai. Da dare sai janareta, da kwaɗi, waɗanda a sauran wurare sai damina ake jin su, a nan kuwa ruwan kanal ya sa ba su da lokaci.

Abin da Hausa ke Buƙata Daga Na'ura

Mai yiwuwa wani ya ce in dai ana jin abin da aka faɗa ai ya isa. Ga ɗan jarida wataƙila haka ne, amma ga mai nazarin Hausa bai isa ba, saboda abubuwan da ke bambanta ma'ana a harshen su ne suka fi saurin lalacewa. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta wahala da wuya na jiki, baba na marina da baba mahaifi, a takarda duk ɗaya ne, murya ce ke raba su. Gari na mutane da gari na tuwo tsawon wasali kaɗai ya raba su. A nahawu ma haka: ya zo mai nuna aiki ya kammala, da ya zo na umurni, da ya zo na cikin labari, sai an ji su a baki. Sa'an nan ga baƙaƙe haɗiyau, ɓ da ɗ, da tunkuɗau, ƙ da ts, ga kuma ra-gare da ra-kaɗe. Ba sai an je nesa neman misali ba, domin sunan garin Kura kansa da kalmar ƙura, a ɗauka maras kyau suna iya rikita mai rubutawa idan ba ɗan wurin ba ne.

Ana auna kaifi ko kaurin sauti da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, ana rubuta ma'aunin da Hz. Tushen muryar namiji baligi yakan kasance tsakanin 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255, kuma a nan karin sauti yake hawa da sauka. Zuzau irin su s da sh kuwa ƙarfinsu yana can sama, na s yakan wuce 4,000. Layin tarho na gargajiya yana ɗaukar abin da ke tsakanin 300 da 3,400 ne kawai, watau yana yanke ƙasa yana yanke sama. Wannan ya isa ya nuna cewa hirar da aka ɗauka ta kiran waya tana iya amfani don sanin labari, amma ba ta dace da awon sauti ba.

Ɗaki Kafin Na'ura

Ɗalibai da yawa, don girmamawa, akan kai su ɗakin da ya fi kyau a gidan, mai daɓen siminti ko tayil, da bango mai santsi, da rufin kwano. A wajen ɗaukar magana shi ne mafi muni. Sauti yana dukan bango mai tauri ya dawo, makirfo ya ɗauki muryar da amsa-kuwwarta tare, ƙarshen kowace kalma ya hau kan farkon mai bi mata. Wasali gajere sai ya yi kamar ya ƙara tsawo, kuma babu manhajar da za ta raba su daga baya ba tare da ta taɓa muryar ba. In ruwa ya sauko a kan kwano kuwa, aikin ranar ya ƙare.

Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa ya fi shi nesa. Bangonsa mai kauri ne, yana tare ƙarar waje, fuskarsa kuma ba ta da santsi. Ɗakin da ke cike da katifa da labule da tabarmi da tufafi a rataye shi ma yana da kyau, sai dai a lura da jeren kwanuka da tangaran, don sukan amsa murya idan aka ɗaga ta. A yankin Kura da Bunkure akwai wata dama da ba kowa ke lura da ita ba, ita ce ɗakin ajiyar amfanin gona. Buhunan shinkafa da aka jera a jikin bango suna shanye sauti kusan kamar soson da ake liƙawa a ɗakunan gidan rediyo, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma a tambaya tukuna ko an sa ƙwayar maganin ƙwari a cikin buhunan, domin hayaƙinta guba ne, ba a zama a irin wannan ɗaki. Gwajin ɗaki ba shi da wuya. A tsaya a tsakiya a yi tafi ɗaya. In ƙarar ta mutu nan take ɗakin ya yi, in ta yi wutsiya a nemi wani, ko a rataya barguna a shimfiɗa tabarmi.

Zaure yana da tasa matsalar, domin duk mai wucewa sai ya yi sallama, kuma ba ya yiwuwa a hana dattijo amsa gaisuwa don an kunna na'ura. Abin da ya fi shi ne a bar ta tana aiki. Gaisuwar manoma, da tambayar ruwa da kasuwa da ke cikinta, ita ma abin nazari ce, kuma sau da yawa a nan ake jin Hausar da ba a shirya ta ba.

Game da lokaci, ya kamata ɗalibi ya kwana ɗaya a garin bai ɗauki kome ba, yana saurare kawai, ya san sa'ar da injin unguwar ke tashi da sa'ar da yake tsayawa, da lokutan kiran salla, da lokacin da ake tayar da janareta. Tatsuniya ita ce mai wuyar sha'ani, tun da al'ada ta hana yin ta da rana, tsofaffi mata da yawa kuwa ba za su yarda su karya wannan ba. Dole ne a yi ta da dare tare da kwaɗi da gyare. A nan ne kusancin makirfo yake ceton aiki.

Makirfo da Rakoda

Ƙa'idar ita ce, a sarari, duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da desibel 6, alhali ƙarar injin da ke can nesa tana nan yadda take. Na'ura mai tsada da aka ajiye a kan tabarma taku uku daga mai magana ba za ta kai makirfo mai araha da ke tazarar taƙi ɗaya daga bakinsa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma a wannan fage araha da ta matso kusa ta fi tsada da ta zauna nesa.

Mataki na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne wayar hannu da ɗalibi ya riga ya mallaka, a haɗa ta da ɗan ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga. Ɗaya daga cikin irinsa shi ne Boya BY-M1, mai igiya kimanin mita 6, mai amfani da ɗan batir irin na agogo, kuma yana da maɓallin da ake juyawa gwargwadon ko waya za a sa shi ko kamara. Wanda ya manta da maɓallin nan yakan dawo gida ya tarar wayar da makirfonta na ciki ta yi ɗauka. Tsawon igiyar yana da wani amfani a gidajen da mata ke kulle, domin ana iya miƙa makirfon ta bayan labule, wata ta maƙala wa tsohuwa, mai ɗauka yana waje, ko da yake abin da ya fi shi ne ɗaliba ta yi wannan aiki. Illar irin wannan makirfo ita ce yana ji ta kowane gefe, kuma yana ɗaukar gogar mayafi da hijabi da babbar riga. A maƙala shi a waje, kada a bar tufa ta rufe shi. Carbi da awarwaro da taunar goro duk suna fita ƙarara, sai a roƙi mai magana cikin ladabi ya ajiye su. Masu maƙalawa marasa igiya, waɗanda suka cika kasuwa saboda masu ɗaukar bidiyo, da yawansu suna tace murya da kansu, don haka ba su ne zaɓin mai nazarin sauti ba.

Mataki na biyu shi ne ƙaramar rakoda ta hannu, kamar Zoom H1n da ta fito a 2018, ko Tascam DR-05X. Waɗannan suna rubuta sauti a katin ajiya, ana daidaita ƙarfin ɗaukarsu da hannu, suna da mashigar makirfon maƙalawa, kuma suna aiki da batir ɗin da ake samu a kowane kanti, ta farko ƙanana guda biyu, ta biyu matsakaita guda biyu. A ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan kaɗai babban dalili ne. Ba a kiran mutum a kansu ana tsakiyar hira, kuma su ne suka dace da waƙar da mutane da yawa ke amshi. Makirfonsu na ciki yana da saurin ji ƙwarai, har iskar hunturu da motsin yatsu yana ɗauka, don haka a sa musu hular soso ko ta gashi, a ɗora su a kan matashi, kada a riƙe a hannu. Ɗalibai huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, kuma da sassan Hausa za su tanadi 'yan kaɗan don ba da aro, da kundaye da yawa sun fi haka inganci.

Na uku shi ne makirfon hannu irin wanda ake kira dainamik, kamar Samson Q2U, wanda ake haɗawa da kwamfuta kai tsaye. Yana fuskantar gaba ne, kuma sai an matso da baki yake ɗauka sosai, don haka ya dace da wanda zai zauna a ɗakinsa ya karanta jerin kalmomi ko rubutacciyar waƙa. Ga hira da tsoho bai cika dacewa ba, don ba a iya hana shi juya kai. Manyan makirfo masu saurin ji da ake gani a gaban mawaƙa, ɗaki na musamman suke so. A gidan da akwai awaki da yara ɓarnar kuɗi ne.

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya, don haka babu amfanin rubuta adadi a nan. Abin da bai canza ba shi ne makirfon maƙalawa ya fi rakoda sauƙi ninki da yawa. A Kano ana samun irin waɗannan kaya a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut da Sabon Gari. Jabu yana da yawa a kayan lantarki ko'ina, saboda haka a je da wayar da za a yi aiki da ita, a gwada a gaban mai kaya. Kada kuma a bar kasuwa ba tare da abin saurare na kunne mai igiya ba. Mai ɗaukar da ba ya jin abin da na'urarsa ke ji, sai ya koma makaranta zai san igiya ta saki.

Siffar Fayil, da Wuta, da Ajiya

A nan ne ɗalibai suka fi yin asara ba su sani ba. Manhajar ɗaukar murya da ke zuwa da waya yawanci tana matse sauti don ya ci wuri kaɗan, tana kuma ɗaga murya ko sauke ta da kanta, ta share abin da take zaton hayaniya ce. MP3 da saƙon murya na WhatsApp duk matsattsu ne, watau an zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Siffar da ba ta zubar da kome ita ce WAV. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza awo 48,000 a daƙiƙa da zurfin bit 24. A wannan mizani, ɗaukar awa ɗaya ta baki ɗaya tana cin kimanin megabait 518, ke nan katin gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 60, ko rabin haka in ta baki biyu ce. Wanda zai yi aiki da waya sai ya sauko da manhajar da ke ba da zaɓin WAV, ya kashe duk wani gyara na kai-tsaye, ya kuma rufe layin wayar kafin ya fara.

Ƙarfin ɗauka a tsayar da shi yadda murya mafi ƙarfi za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da ƙololuwa. Hira takan fara a hankali, amma da an taɓo rabon ruwa tsakanin na bakin kanal da na ƙarshensa sai murya ta tashi, kuma sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Kada a yi ɗauka na'ura tana jone da caji, musamman a wutar janareta, domin gurnanin lantarki mai kaɗawa 50 a daƙiƙa yakan shiga, shi da 'ya'yansa na 100 da 150, waɗanda ke zaune daidai inda muryar namiji take. Fanka ma a kashe ta, ko da sauro zai samu rabonsa.

A daren da aka yi ɗauka a kwafe ta wuri biyu, in an samu intanet a ƙara na uku. Katin ajiya na jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi fayil ya lalata shi, don haka a cika sabon kati da wani abu a gwada shi kafin tafiya.

Manhaja

A nan ba a buƙatar kashe kome, domin manhajoji uku da suka fi amfani duk kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba a kan tsohuwar kwamfuta. Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a 2000. Da ita ake ɗauka, da yankewa, da ɗaga murya, da mayar da tsohon kaset zuwa fayil. Tana ajiye aiki a siffarta ta kanta, don haka sai an fitar da shi a WAV kafin wata manhaja ta buɗe shi. Tana da abin rage hayaniya, wanda yake ruɗin sababbin hannu: in aka matsa shi sai kwaɗi su tafi, amma su tafi da rabin s da ts, muryar ta koma kamar daga cikin tulu. Haka kuma abin yanke ƙananan sautuka, in aka ɗaga shi sama da 80 ya fara cin tushen muryar dattijo. Dokar ita ce asalin fayil ba a taɓa shi. A kwafa, a yi gyara a kan kwafin don saurare ko gabatarwa a aji, awo kuwa a kan asali ake yinsa.

Praat, ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, ita ce ta mai nazarin tsarin sauti. Tana zana hawa da saukar murya, ta auna tsawon wasali, har ɗalibi ya ga da idonsa yadda karin sama ke raguwa a hankali bayan kowane karin ƙasa zuwa ƙarshen jimla, abin da a da sai dai ya karanta a littafi ya yarda. A ɗauka mai amsa-kuwwa ko gurnani, zanen nata yakan tsinke ko ya yi tsalle, kuma a nan ne ake gane amfanin wahalar da aka sha wajen zaɓen ɗaki. ELAN, ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, ita ce ta rubuta hira, domin tana ɗaure kowace jimla da daƙiƙar da aka faɗe ta, ta ba kowane mai magana layinsa. Don samun ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta akwai Keyman, ita ma kyauta. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu da kansu sun fara jin Hausa, amma a kan maganar tsoho mai karin magana da sunayen wurare, tare da amshin mutanen zaure, gyaran abin da suka rubuta yakan kai wahalar rubutawa da hannu. Awa ɗaya ta hira tana cin awowi da yawa kafin a gama rubuta ta, don haka hira biyar masu kyau sun fi ashirin da ba za a iya saurare ba.

Izini da Mintin Farko

Ba a shiga gari da na'ura sai an bi ta hannun dagaci ko mai unguwa. A yankin da aka sha ganin masu zuwa da takardu don rajistar manoma, mutane suna iya zaton ɗalibi ma taki ko rance ya kawo, don haka ya faɗi gaskiya tun farko cewa karatu ne ya kawo shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ƙarfafa neman yardar mutum kafin a tattara bayanansa, kuma ladabi ya riga doka faɗin haka. Ɓoye waya a aljihu ana ɗauka cin amana ne, kome kyan niyya. Tun da da yawa daga cikin tsofaffi ba sa son sa hannu a takarda, a ɗauki yardar da murya, kamar a ce, "Baba, in ka yarda za a ɗauki maganar nan don karatu a jami'a. In akwai inda ba ka so ya fita, sai ka faɗa a cire." Maganar gona da gado da rikicin ruwa tana iya jawo wa mutum fitina a garinsu, saboda haka wanda ya nemi a sakaya sunansa a sakaya.

Kafin tambaya ta farko, mai ɗauka ya faɗi kwanan wata da sunan gari da unguwa, da wanda ake hira da shi da sana'arsa, da irin na'urar da ake aiki da ita. Sa'an nan a yi shiru na rabin minti, na'ura ta ɗauki sautin ɗakin kaɗai, domin da shi manhaja ke gane hayaniyar wurin in an zo gyaran kwafi. Sunan fayil ya fara da shekara da wata da rana, sai gari, sai lamba, a kuma rubuta lambar nan a littafin aiki tare da bayanin waɗanda ke zaune a wurin. In an tashi, a mayar da ɗan abin da aka ɗauka a kunnen mai maganar ya ji muryarsa, a kuma bar wa iyalinsa kwafi a kati ko a wayar ɗaya daga cikin 'ya'yansa.